Gasar Paralimpik: yadda take, da irin tallafin da ɗan wasa mai naƙasa ke buƙata kafin ya kai can

Duk bayan shekara huɗu, idan aka rufe wasannin Olimpik, ba a cika sati uku ba sai a sake buɗe filayen nan dai, a birnin nan dai, domin wata gasa ta biyu. Ita ce Paralimpik, babbar gasar duniya ta ƴan wasa masu naƙasa. Ta bazara ta baya-bayan nan an yi ta ne a birnin Paris na Faransa, daga 28 ga Agusta zuwa 8 ga Satumba na 2024. Ƴan wasa kusan 4,400 daga ƙasashe fiye da 160 suka kara a wasanni iri 22, aka raba lambobin zinariya a fannoni 549. Mai zuwa za a yi ta a Los Angeles ta Amurka cikin watan Agusta na 2028.

Nijar tana zuwa wannan gasa tun 2004, amma har aka tashi daga ta Paris ba ta taɓa dawowa da lamba ba. Maƙwabciyarmu Najeriya kuwa lamba 7 ta ɗauko a Paris kaɗai. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan bayani mun tsara shi ne domin masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa mazauna ƙetare su san yadda gasar take, matakan da ake bi a kai gare ta, da wurin da hannun kowa zai iya shiga.

Asalin gasar

Abin ya faro ne daga asibiti. Wani likitan jijiyoyi Bayahude ɗan Jamus mai suna Ludwig Guttmann ya tsere wa mulkin Hitila ya koma Ingila a 1939. A 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka ba shi aikin buɗe sashen kula da sojojin da suka samu rauni a lakar baya a asibitin Stoke Mandeville. A wancan zamani, wanda lakarsa ta tsinke akan sa masa ido ne kawai, kuma yawanci ba ya daɗewa saboda gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Shi Guttmann sai ya sa a riƙa juya majinyata a kan gado dare da rana, ya kuma shigo da motsa jiki da wasanni cikin magani.

Ranar 29 ga Yuli na 1948, ranar da aka buɗe Olimpik a Landan, ya shirya gasar harbin kibiya a harabar asibitin tsakanin mutum 16 masu keken guragu, maza 14 da mata 2. A 1952 tsofaffin sojojin Holan suka zo suka shiga, gasar ta zama ta ƙasa da ƙasa. A 1960 aka kai ta birnin Rum na Italiya da ƴan wasa 400 daga ƙasashe 23, kuma wannan ce ake ƙidayawa a matsayin Paralimpik ta farko. Tun daga gasar Seul ta Koriya ta Kudu a 1988, birnin da ya karɓi Olimpik shi ke karɓar Paralimpik. Hukumar da ke jagorantar ta, IPC, an kafa ta a 1989, hedikwatarta na Bonn ta Jamus. Kalmar "para" kuwa ta Girkanci ce, ma'anarta "a gefen", wato gasar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da Olimpik.

Su wane ne ke shiga?

Dokar gasar ta amince da nau'in naƙasa guda 10. A taƙaice sun haɗa da raunin tsoka irin na shan inna ko tsinkewar laka, rashin hannu ko ƙafa tun haihuwa ko ta hanyar yankewa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, sandarewar gaɓoɓi, gajarta irin ta wadanni, matsalolin sarrafa jiki da ke biyo bayan taɓuwar ƙwaƙwalwa, raunin gani, da raunin fahimta. Zabiya da yawa na shiga ta ƙofar raunin gani, tunda sau da yawa idanunsu ba sa gani sosai.

Kurame ba sa cikin wannan gasa. Suna da tasu daban, wadda ake kira Deaflympics, kuma ta ma girmi Paralimpik domin a 1924 aka fara ta a Paris.

To yaya ake yi kada a haɗa makaho da mai hannu ɗaya a tsere guda? A nan ne ake raba aji. Kowane ɗan wasa sai ƙwararrun masu tantancewa sun duba takardun likitansa, sun gwada jikinsa, wani lokaci sun kalle shi yana wasa, sannan su ba shi aji. A wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, harafin T na nufin tsere ko tsalle, F na nufin jifa, lambar da ke biye kuma ita ke faɗin irin naƙasar:

11 zuwa 13: masu raunin gani. Aji 11 su ne waɗanda ba sa gani ko kusan haka, kuma suna wasa da abin rufe ido.
20: masu raunin fahimta.
31 zuwa 38: masu matsalar sarrafa jiki.
40 da 41: wadanni.
42 zuwa 47: masu naƙasa a ƙafa ko hannu da ke wasa a tsaye.
51 zuwa 57: masu tsere a keke ko jifa a zaune.
61 zuwa 64: masu gudu ko tsalle da ƙafar roba.

A cikin kowane rukuni, ƙaramar lamba na nufin naƙasar ta fi tsanani. Saboda haka idan kuka ji mai sharhi ya ce "tseren mita 100, T47", yana nufin masu naƙasa a hannu. Idan ya ce "jifan mashi, F57", masu jifa ne a zaune, kuma a nan ake samun waɗanda shan inna ta taɓa da yawa.

Kaɗan daga cikin wasannin

Ɗaga nauyi. Ɗan wasa na kwanciya rigingine a kan benci, ya sauko da ƙarfen har ƙirjinsa, ya tsayar, sannan ya tura shi sama har hannuwansa su miƙe. A nan nauyin jiki ne ke raba aji. Ɗan Iran Siamand Rahman ya ɗaga kilo 310 a Rio a 2016, wato fiye da buhu shida na siminti.

Golbal. Wasan makafi ne da aka ƙirƙiro a 1946 domin sojojin da suka rasa idanu a yaƙi. Mutum uku ne a kowane ɓangare, raga mai faɗin mita 9, ƙwallon kuma na da ƙararrawa a ciki, nauyinsa kilo 1 da giram 250. Ana mirgino shi da ƙarfi, masu tsaro su bi ƙarar su kwanta su tare.

Tamaular makafi. Mutum biyar-biyar. Huɗu na rufe idanu, mai tsaron gida shi yana gani. Ƙwallon na da ƙara, kuma duk wanda zai tunkari mai ƙwallo dole ya ce "voy", wato "ga ni nan tafe" da Sifaniyanci, don kada a yi karo. Maroko ta ci tagulla a wannan wasa a Tokyo.

Kwando a keken guragu. Tsawon kwandon daidai yake da na kowa, mita 3.05. Kowane ɗan wasa na da maki daga 1 zuwa 4.5 gwargwadon ƙarfin jikinsa, kuma jimillar mutum biyar da ke fili ba za ta wuce 14 ba. Da wannan dabara mai tsananin naƙasa ma yana da gurbi a tawaga.

Ƙwallon raga a zaune. Ana yi a ƙasa, a fili mai mita 10 da mita 6, tsawon ragar mita 1.15 ga maza da 1.05 ga mata. Matan Ruwanda sun wakilci Afirka a Rio da Tokyo da Paris.

Akwai kuma iyo, tanis, ƙwallon tebur, badminton, judo, taekwondo, tseren keke, harbin kibiya, tuƙin kwalekwale da sauransu. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan katako mai tayoyi, wanda ya yi suna a Kano da wasu biranen yankinmu, da tamaular masu ƙafa ɗaya da sanduna, suna da gasanninsu amma ba sa cikin wasannin Paralimpik.

Kada wani ya zaci wasan tausayi ake yi. A Rio, ɗan Aljeriya Abdellatif Baka mai raunin gani ya gama tseren mita 1,500 cikin minti 3 da daƙiƙa 48.29. Wanda ya ci zinariyar Olimpik a wannan tsere, a wannan fili, ƴan makonni kafin nan, minti 3 da daƙiƙa 50 ya yi. Gaskiya ne tseren na Olimpik an yi shi a hankali da dabara, amma dai agogo ba ya ƙarya. Haka ɗan Masar Ibrahim Hamadtou, wanda ya rasa hannuwansa biyu a haɗarin jirgin ƙasa yana ɗan shekara 10, ya buga ƙwallon tebur a Rio da Tokyo: da baki yake riƙe faifan, da ƙafa yake cilla ƙwallon.

Mutanen da ke bayan ɗan wasa

Mu a ƙasar Hausa mun san ɗan jagora. A Paralimpik ma akwai shi, sai dai can sana'a ce mai dokoki. Makaho mai tsere na aji T11 yana gudu ne tare da jagora, gajeriyar igiya na haɗe da hannuwansu, kuma ana ba su layi biyu. Jagoran na faɗa masa kwana da nisan da ya rage da inda abokan karawa suke. Bai halatta ya ja shi ko ya tura shi ba, kuma idan ya riga shi tsallake layin ƙarshe an soke su. Wannan na nufin jagora sai ya kai ɗan wasan gudu ko ya fi shi, kuma su yi watanni suna atisaye tare har ƙafarsu ta zo ɗaya. Tun gasar Landan ta 2012 shi ma jagoran ana rataya masa lamba. A Paris, Guillaume Junior Atangana, ɗan asalin Kamaru da ya yi wasa a tawagar ƴan gudun hijira, ya ci tagulla a mita 400 tare da jagoransa Donard Ndim Nyamjua.

A dogon tsalle na makafi, mai kira ne ke tsayawa kusa da ramin yashi yana tafi ko kiran suna, ɗan wasa ya bi muryar a guje ya yi tsalle. A iyo, wani na tsayawa a bakin ruwa da doguwar sanda mai laushin kai, ya taɓa makahon idan ya kusa bango. A tseren keke mai mazauni biyu, mai gani ne a gaba yana riƙe da kan keken. A tamaula, akwai mai tsayawa bayan ragar abokan karawa yana nuna wa ƴan gaba inda za su buga.

Bayan waɗannan akwai koci, likita, mai gasa jiki, da makaniki. Keke na karyewa, taya na fashewa, ƙafar roba na kwancewa ana gobe wasa. Tun 1988 kamfanin Jamus mai suna Ottobock ke buɗe wurin gyara a kowace Paralimpik, yana yi wa ƴan wasa walda da gyara kyauta. Amma wannan a can ne, na ƴan kwanaki. Sauran shekaru huɗun, mai waldan unguwa da mai facin taya su ne makanikan ɗan wasa.

Saboda haka idan an ce ƙasa ta tura makaho ɗaya, a lissafa tikiti da masauki da abincin mutum biyu, ban da koci. Tallafin da ya manta da jagora rabi ne.

Hanyar zuwa gasar

Ba wanda ke rubuta sunansa da kansa. Kowace ƙasa na da hukuma ɗaya da IPC ta sani, ta hannunta komai ke bi. A Nijar ita ce tarayyar wasannin naƙasassu ta ƙasa, FENISPHA, da ke Yamai. Matakan su ne kamar haka.

Na farko, ɗan wasa ya fito a gasannin gida, a san shi a jiha, a san shi a ƙasa. Na biyu, ya mallaki takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa da fasfo, da takardun likita da ke bayyana irin naƙasarsa da asalinta. Na uku, hukumar ƙasa ta yi masa rajista da lasisi a hukumar duniya ta wasansa. Na huɗu, ya samu aji na ƙasa da ƙasa. Wannan tantancewa ana yin ta ne a gefen manyan gasanni, irin waɗanda ake shiryawa na guje-guje a Tunis, Marrakech da Dubai. Na biyar, ya kai mizanin da aka gindaya, na lokaci ko nisa ko nauyi, a gasar da hukumar duniya ta amince da ita kuma cikin wa'adin neman gurbi.

Mataki na huɗu da na biyar su ne inda ƙasashe marasa ƙarfi ke maƙalewa. Yaro na iya yin gudun da ya kai mizani a filin wasa na Seyni Kountché, amma idan ba shi da aji na duniya, ko gasar ba ta cikin waɗanda aka amince da su, wannan lokaci ba ya shiga littafi. Ana buƙatar tafiya waje sau ɗaya ko biyu kafin babbar tafiyar, kuma kowace na cin tikitin jirgi, biza, masauki da kuɗin shiga.

Akwai wata ƙofar. IPC na ware ƴan gurabe na gayyata domin ƙasashen da ba su samu gurbi ta mizani ba, don kada a bar su a baya. Da wannan ƙananan tawagogi da dama ke samun shiga. Da hanau gara mannau, amma wanda ya shiga ta gayyata yakan tarar da waɗanda suka shekara huɗu suna karawa a manyan filaye.

Kayan aiki da kuɗi

Wasu wasannin na da tsadar gaske. Keken tsere mai taya uku da ƙafar gudu ta musamman, kowanne kuɗinsa na kaiwa miliyoyin sefa, kuma a kan jikin mutum ake auna su. Keken da ake rabawa na sadaka, ko mai feda a hannu da muke gani a titunan Maraɗi da Damagaram, ba ya shiga tsere ko kwando.

Wasu kuwa da ɗan abu ake fara su. Mai hannu ɗaya ko mai raunin gani da ke gudu takalmi yake buƙata da fili da agogo. Mai jifa a zaune na buƙatar dalma ko faifai ko mashi, da kujerar ƙarfe da ake ɗaure ta a ƙasa, wadda doka ta ce tsawonta kada ya wuce santimita 75. Mai walda da aka ba awo daidai zai iya haɗa ta. Ɗaga nauyi benci ne da sanda da faya-fayen ƙarfe. Ƙwallon raga a zaune daɓe mai santsi ne da raga da ƙwallo. Golbal ƙwallo ne mai ƙararrawa, abin rufe ido, da igiya da ake mannewa a ƙasa don a riƙa shafa layi. Duk garin da zai fara, daga irin waɗannan ya kamata ya fara.

Sai abinci da lafiya. Mai atisaye safe da yamma ba zai yi shi da cikin yunwa ba. Masu raunin laka kuma jikinsu ba ya fitar da zufa yadda ya kamata a ƙasan wurin raunin, don haka zafin watan Afrilu da Mayu haɗari ne gare su: atisaye da sanyin safiya ko bayan la'asar, ruwa a kusa, inuwa a kusa. Gyambon zama, idan aka yi sakaci da shi, na iya kwantar da mutum watanni. Matashin zama mai kyau da duba fata kullum na cikin kayan wasa.

Game da tukuici, wasu ƙasashe sun daidaita shi. Faransa ta ba duk wanda ya ci zinariya a 2024 yuro 80,000, wato fiye da sefa miliyan 52, ko a Olimpik ya ci ko a Paralimpik. Amurka ma ta daidaita nata tun 2018.

Ina Afirka ta tsaya?

A Paris ƙasar Sin ce ta zo ta ɗaya da zinariya 94, sai Birtaniya da 49, sai Amurka da 36. A Afirka, Aljeriya ta ci zinariya 6, Tunisiya 5, Maroko 3. Najeriya ta samu zinariya 2, azurfa 3, tagulla 2, alhali tawagarta ta Olimpik ta dawo hannu rabbana a shekarar. Onyinyechi Mark da Folashade Oluwafemiayo ne suka ci zinariyar a ɗaga nauyi, ita ta biyun da kilo 167, abin da wata mace ba ta taɓa ɗagawa ba a ajinta. Mariam Eniola Bolaji kuma ta ci tagulla a badminton, lamba ta farko da Afirka ta taɓa samu a wannan wasa a Olimpik ko Paralimpik. Najeriya ta fara zuwa ne a 1992, ta kama ɗaga nauyi ta riƙe shekara da shekaru, kuma da yawa daga cikin gwanayenta shan inna ce ta taɓa su suna yara. Tunisiya ita ma guje-guje da jifa ta riƙe. Darasin a bayyane yake: a zaɓi wasa ɗaya ko biyu, a zuba ƙarfi a kai, a daɗe.

A Satumba na 2023 aka yi gasar naƙasassu ta Afirka ta farko a Accra ta Gana. Nijar kuwa ta fara halartar Paralimpik a Athens ta Girka a 2004 da ɗan wasa guda, kuma tun daga nan tawagarta ba ta wuce a ƙidaya da yatsun hannu ɗaya ba. A Olimpik muna da lamba biyu, tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a 2016. Wanda zai buɗe mana ƙofar Paralimpik wataƙila yanzu haka yana wani ƙauye na Tawa ko Mirriya, bai ma san akwai gasar ba.

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum ɗaya cikin shida a duniya na rayuwa da naƙasa mai tsanani. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 30 na yarjejeniyar ya ambaci haƙƙin shiga wasanni da samun damar shiga filaye. Wato wannan haƙƙi ne da ƙasa ta sa wa hannu.

Abubuwa uku da za a yi hattara da su

Magani. Ana gwada fitsari da jinin ƴan wasan Paralimpik kamar na kowa, kuma dokar ta ce duk abin da aka samu a jikinka kai ne da alhaki, ko da wani ya ba ka da kyakkyawar niyya. Tun 1 ga Janairu na 2024 tramol ya shiga jerin haramtattun magunguna a lokacin gasa. Ƙwayoyin ƴan talla, maganin ƙarfi da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba na iya jawo dakatarwa ta shekaru. Wanda ke shan magani na dole saboda lalurarsa, likitan tawaga ne zai nema masa izini tun kafin tafiya.

Ƙarya a tantancewa. A gasar Sydney ta 2000, tawagar kwando ta Sifaniya ta ci zinariya a ajin masu raunin fahimta, daga baya aka gano 10 cikin ƴan wasanta 12 lafiyarsu lau. Aka ƙwace lambar, aka kuma fitar da wannan aji gaba ɗaya daga gasar har sai 2012. Mutanen da ba su ji ba su gani ba suka yi asarar shekaru. Ƙara gishiri a kan naƙasa laifi ne mai hukunci.

Ƴan damfara. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai sa ɗanku a jerin masu tafiya, ko zai samo masa biza da sunan wasa, ku tambayi hukumar ƙasa ko ofishin matasa da wasanni na jiharku kafin ku fitar da ko dala.

Inda hannun kowa zai shiga

Iyaye su ne farko. Yaron da aka ɓoye a ɗaki, ko aka tura bara, ba wanda zai ga gudunsa. A yi masa takardar haihuwa, a sa shi lakwal, a adana duk takardar asibiti, a bar shi ya yi wasa da tsaransa. Ƴaƴa mata ma haka, domin shida daga cikin lambobi 7 na Najeriya a Paris mata ne suka ɗauko su.

Malamai kada su zaunar da ɗalibi mai naƙasa yana gadin jakunkuna a lokacin motsa jiki. Sarakunan makafi da na guragu da ƙungiyoyin naƙasassu sun san kowa a gari, da su za a fara neman masu hazaƙa. Magadan gari na iya ware sa'o'i a filin wasa ko gidan matasa, su sa a yi gangara a ƙofa da makewayin da keke zai shiga. Ƴan kasuwa da ke yi wa ƴan kokowa kyauta a gasar takobi, kaɗan daga cikin wannan alheri zai ciyar da ɗan wasa da jagoransa wata guda. Samari masu gudu kuma, ga aikin jagora yana jiran ku.

Ƴan uwa mazauna ƙetare, ku tambaya kafin ku aiko da kaya: wane wasa, wane aji, wane awo. Ƙwallon golbal, abin rufe ido, takalmin gudu, agogon awon lokaci, tef na awo, tayoyi da matasan zama duk suna shiga akwati. Kuɗi kuwa ya bi ta ƙungiyar da aka sani, a karɓi rasit, a nemi bayanin inda ya shiga. Kuma a aiko shi da wuri, lokacin tantancewa da neman gurbi, domin gudummawar da ta iso ana sati ɗaya a tashi ba ta ƙara wa kowa gudu. Idan tawagarmu ta zo ƙasar da kuke, ku tarbe ta, ku sayi tikiti ku je da tuta.

A filin kallo akwai ladabi. Golbal, tamaular makafi da dogon tsallen makafi da kunne ake yin su, don haka ana yin tsit har sai an ci ko alƙalin wasa ya tsayar, sannan a yi sowa. Ba a tura keken mutum sai an tambaye shi. Idan za a yi magana da makaho, da shi za a yi, ba da jagoransa ba. Kuma a kira ɗan wasa da sunansa da wasansa, kamar yadda ake kiran ɗan kokowa.

Masu shirin bin gasar 2028 daga gida su lura: a watan Agusta agogon Nijar na gaba da na Los Angeles da awa 8. Wasan da aka fara can da ƙarfe 10 na safe, nan ƙarfe 6 ne na yamma, na ƙarfe 6 na yammarsu kuwa sai 2 na darenmu. Amma neman gurbi ana yin sa ne a shekarun da ke gabanin gasar. Duk wanda ya san yaro ko yarinya mai naƙasa da ke da gudu, ko ƙarfin hannu, ko son wasa, ya kai sunansa ga malamin motsa jiki na lakwal mafi kusa ko ofishin matasa da wasanni na jiha tun yanzu. Allah ya ba mai rabo sa'a.